Hannun Hagu na Maestro Scandura

Ruwa ya riga ya cinye gada ranar da motocin 'yan fim suka iso Pietrafonda, sai ta hanyar tudu suka zagayo. Gwamnati ta toshe kogin tun watan Maris na shekarar 1974, kuma tun daga lokacin ruwan yake hawowa, taku biyu kowace rana, ba igiya, ba ƙara. Ya ci gonakin zaitun. Ya ci gidan niƙa. Yanzu yana lasar katangar maƙabarta, wadda aka riga aka kwashe mutanen cikinta.

Masu rai ma an kwashe su, an kai su sababbin gidaje a kan tudu. Mutum ɗaya ya rage a tsohon gari, shi ne San Cataldo, waliyyin garin, wanda aka sassaƙa da katako aka tsayar a cocinsa shekara ɗari uku da suka wuce. Ranar Lahadi za a ɗauke shi a kafaɗa a hau da shi tudu. Wannan fitowar ita ce ƙarshen fim ɗin da darakta Livio Cattabeni yake yi, kuma saboda ita aka ɗauko mai ɗaukar hoto Ermete Scandura, wanda kowa ke kira Maestro, daga Roma.

Duk wanda ya taɓa jan waya a gidan fim ya san sunan. Ɗan mai gyaran takalma ne daga Catania. Ya fara aiki bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da babu lantarki, babu kayan kirki. Da zanen gado da madubin aski yake karkato rana zuwa fuskar 'yan wasa. Fim hamsin da huɗu ya ɗauka. Ya ci kyauta a gida, ya ci a waje, har matarsa tana tokare ƙofar kicin da ɗaya daga cikin kofunan. Amirkawa sun kira shi, ya yi musu fim ɗaya ya dawo. Ya ce mutanen da sai sun duba na'ura su san ko rana ta fito ba abokan aikinsa ba ne.

Na'urar da yake nufi ita ce ma'aunin haske, 'yar aba mai allura kamar agogo. Kowane mai ɗaukar hoto yana rataye ta a wuya. Ban da Scandura. Shi sai ya ɗaga hannun hagu, ya juya bayansa ga haske, ya dubi inuwar da ke tsakanin yatsunsa, ya faɗi lamba. Lambar ita ke nuna yadda idon kyamara zai buɗe. Ƙaramar lamba, ido ya buɗe sosai. Babbar lamba, ya tsuke. In aka kuskure, hoto ya fito fari fat ko baƙi ƙirin, kuma ba mai sani sai bayan kwana uku, in an wanko fim ɗin daga Roma. Scandura bai taɓa kuskurewa ba. Mutane sukan zo daga nesa don kawai su ga hannun nan ya ɗagu.

Doka biyu ce a wurin aikinsa. Ba a shigo da ma'auni. Kuma kowa da kayansa: mai kyamara ba ya taɓa fitila, mai fitila ba ya taɓa kyamara. Ta biyun ba tasa ba ce shi kaɗai, ta sana'ar ce gaba ɗaya. Wanda ya karya ta, kafin ya isa gida labarin ya riga shi.

Nazzareno Tiberi shi ne shugaban masu fitilunsa. Neno ake ce masa. Shekara ashirin da takwas suna tare, bai taɓa cin abinci a gidan Maestro ba, Maestro bai taɓa cin nasa ba. Amma in Maestro ya ɗaga gira, Neno ya san fitilar da za a kashe.

A aljihun rigar Neno na ciki, cikin gwangwanin taba, akwai ma'auni.

Shekara biyu ke nan. Ya fara lura ne wata rana da Maestro ya zuba ruwan inabi a gefen kofi, ya ci gaba da magana. Daga baya ya fara neman ƙarin fitila a ɗakin da 'yan wasa ke zufa don zafi. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani, duniya tana yi masa duhu, shi kuwa yana buɗe idon kyamara fiye da kima. Neno ya ɓoye abin da ya gani. Ya hau jirgi zuwa Napoli, inda ba wanda ya san shi, ya sayo ma'aunin. Daga nan sai ya zama in Maestro ya faɗi lamba ya koma kujerarsa, Neno ya juya baya ya leƙa gwangwanin taba, ya hau tsani ya saka ragar waya a gaban fitilu, ya rage musu ƙarfi daidai da kuskuren. In an tambaye shi, ya ce don kada ƙwan fitila ya fashe a kan mutane ne. Da farko mataki ɗaya yake ragewa. Ya koma biyu. Tun watan jiya ya zama uku. A cikin shekara biyun nan Maestro ya ƙara cin kyauta ɗaya.

Fitila tana jin magana. Amma ranar Lahadi a fili za a yi aiki, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, kuma babu ragar da za a saka wa rana.

Ranar Juma'a ma'aikata suna cin taliya a matakalar coci, darakta ya tare limamin cocin, Don Ilario. Darakta yaro ne, shekararsa talatin da biyar, gashinsa har kafaɗa.

"Don Ilario, abu kaɗan nake roƙo. In sun fito da shi, su koma ciki su sake fitowa. Sau biyu kawai."

"A'a."

"Sau ɗaya da rabi fa?"

Ma'aikata suka yi dariya. Don Ilario bai yi ba.

"Dottore, waliyyi ba ɗan wasanka ba ne. In ya tsallake ƙofar nan ba ya komawa da baya. Kakanninmu ba su taɓa mayar da shi ta baya ba, ko ranar da aka yi girgizar ƙasa. Mutanen nan an raba su da gidajensu. Kada ka taɓa musu wannan."

Darakta ya juya ga Maestro, wanda ke zaune a kujerarsa ta zane, da baƙin tabarau, yana ɓare lemo.

"Maestro, kun ji."

"Na ji. Kai sau nawa aka haife ka?"

"Sau ɗaya."

"To, ga ka nan, ba laifi. In ban da gashin."

Tullio, mai riƙe kyamara, ya kusa shaƙewa da taliya. Ya ce, "Kada ka damu, Dottore. Hannun Maestro ya fi na waliyyin albarka. Ko ba haka ba, Sor Neno?"

Neno ya ce, "Ci abincinka."

Ya ture nasa kwanon. Bai ci rabi ba.

Ranar Asabar da la'asar ya sami Maestro shi kaɗai a ƙarshen layin da ya gangara cikin ruwa. Layin yana nan da duwatsunsa, da ƙofofinsa, sai kawai ya nutse. Wata kujera tana yawo a kan ruwa, ƙafafunta a sama. Maestro yana tsaye taku ɗaya daga bakin ruwan, kuma Neno bai tabbata ya san haka ba.

"Maestro, ku ɗan ja baya. Akwai santsi."

"Ka koma mai raino?"

Amma ya ja. Suka tsaya, ba mai kallon wani. Neno ya shirya maganar tun daren jiya, ya juya ta sau ɗari. Da ya buɗe baki, wata daban ta fito.

"Gobe rana za ta yi ƙarfi."

"Yanzu kuma ka koma mai duba."

"Bangon cocin fari ne. Zai mayar da haske sosai."

"Neno."

"Na'am, Maestro."

"Ranar da na fara auna rana, kana sayar da gasasshiyar masara a bakin tasha."

"Gyaɗa ce, Maestro."

"To, gyaɗa. Allunanka na mayar da haske sun shirya?"

"Sun shirya."

"Sai me?"

Neno ya dubi baƙin tabarau ɗin, ya ga kansa a ciki, ƙarami, da hula a hannu. Yaya za ka ce wa mutumin da ya koya wa ƙasa guda kallo ai ba ya gani? In ya faɗa, Maestro ba zai sake duban fuskarsa ba. In darakta ya ji, kafin Litinin Roma ta ji, kuma ba mai ba makaho kyamara. Ba za a tuna da fim hamsin da huɗu ba. Za a tuna da tsohon da ya ƙi sauka.

"Ba komai, Maestro."

Neno ya tsaya har Maestro ya hau layin, yana shafa bango da yatsun hagu kamar mai duba fenti. Da ya sunkuya, ruwan ya riga ya jiƙa masa bakin takalmi.

Lahadi ta waye fes, ba ko ɗigon gajimare. Tun ƙarfe takwas mutanen tudu suka fara gangarowa, mata da baƙaƙen mayafai, maza da kwat ɗin ɗaurin aure. Ba mai ɗaga murya. Kowa ya wuce ta ƙofar tsohon gidansa sai ya kau da kai. Wata tsohuwa ce kawai ta tsaya ta share matakalar gidanta da tsintsiyar da ta zo da ita, ta kulle ƙofar da ba komai a bayanta, ta sa makulli a ƙirji.

An kafa kyamara a kan dakali, tana fuskantar ƙofar coci. Tsohuwar kyamara ce mai nauyin jaki, irin wadda Maestro yake so. A gefenta akwai 'yar tsaga, inda ake zura siririn duhun gilashi a bayan ido in ana son rage haske. Mai riƙe kyamara ba zai gan shi ba, don tagar da yake leƙawa daban take.

Neno ya shiga bayan motar kaya ya buɗe gwangwanin taba. Allura ta ce goma sha ɗaya. Ya san idon Maestro kamar yadda ya san aljihunsa: mataki uku ƙasa, zai ce huɗu. Da huɗu a wannan rana, waliyyi da mutanensa za su fito fari kamar an watsa musu gari.

Da ƙarfe goma aka kawo kofi, kowa ya yi wajen mai tire. Tullio ya bar akwatinsa a buɗe. Neno ya zaro gilashin da ke rage mataki uku, ya hau dakali. Shekara ashirin da takwas yana kewaya kyamarar nan, bai san ƙarfenta yana da sanyi haka ba. Ya zura gilashin ya sauko. Ba wanda ya gani. Ya goge hannunsa a wando, ya sake gogewa.

Aikinsa na ranar shi ne allunan azurfa, masu mayar da hasken rana zuwa bakin ƙofar coci. An jera su a ɗaya gefen filin, a kan barandar tsohon gidan magani. Ya hau can da mataimakinsa Oreste, mutum mai shekara arba'in, mai ƙarfi, mai yin abin da aka ce masa daidai, ba ƙari ba ragi. Tsakaninsu da kyamara taku sittin ne, cike da mutane.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan Maestro ya tashi daga kujera. Ya cire tabarau. Filin ya yi tsit, har 'yan ƙauyen, don su ma an ba su labarin hannun. Ya ɗaga shi, ya juya bayansa ga rana. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Leɓunansa suna motsi kamar mai ƙirga.

"Takwas," in ji shi.

Tullio ya maimaita da ƙarfi, kamar yadda aka saba. "Takwas!"

Neno ya ƙirga a ransa. Ba huɗu ba. Takwas. Tsakanin takwas da sha ɗaya mataki ɗaya ne, kuma fim yana yafe mataki ɗaya. Maestro ya kusa daidai. Amma ga gilashi a ciki yana jira ya cinye uku. Hoton zai fito kamar an ɗauke shi a cikin rijiya.

Ƙararrawa ta fara bugawa. Darakta ya ɗaga hannu. Kyamara ta fara juyawa. Ƙofar coci ta buɗe, 'yan mata masu kyandir suka fito bibbiyu.

"Riƙe allon nan," Neno ya ce wa Oreste.

"Ina za ka?"

Ya riga ya sauka matakala. Shekararsa sittin da ɗaya, gwiwarsa ta dama ta lalace tun faɗuwar da ya yi daga tsani a wani fim. Ya kutsa cikin baƙaƙen mayafai. Wata mata ta zage shi, wani tsoho ya riƙe masa hannun riga, ya fizge. Masu busa sun fito, suna wata waƙa mai nauyi kamar ta jana'iza. Ta saman kawunan mutane yana hango cikin duhun ƙofa, inda wani abu mai ruwan zinariya yake tangaɗi yana matsowa. Maza goma sha biyu ne suke ɗauke da shi, taku ɗaya, su tsaya, taku ɗaya.

Yana iya yin ihu a tsaya. Amma waliyyi ba ya tsayawa don mai fitila.

Ya kama bakin dakali ya hau da ciki. Tullio yana manne da tagarsa, bai gan shi ba. Neno ya miƙa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa, ya kama kunnen gilashin, ya zare. Kyamara ta yi ɗan girgiza. Tullio ya yi wata ashar a ciki-ciki, amma bai ɗaga ido ba, bai saki ba, don shi ma ɗan sana'a ne.

A daidai lokacin San Cataldo ya sunkuyo ta ƙofa, ya fito cikin rana. Mata suka fashe da kuka. Neno yana durƙushe a kan dakali da gilashi a hannu, a gaban ma'aikata talatin, kuma duk sun gani.

Waliyyi ya ƙetare fili ya kama hanyar tudu, fim ya ƙare a cikin kyamara. Sannan Tullio ya juyo, fuskarsa ja wur.

"Wa ya taɓa mini kyamara? Kai? Kai, Sor Neno?"

Darakta ya iso a guje. Ya karɓi gilashin ya ɗaga shi ga rana. Ya yi karatun fim, ya san abin da yake riƙe.

"Wa ya sa wannan a ciki?"

"Ni."

"Wa ya ce ka sa?"

"Ba kowa."

"Da ba ka zare ba fa?"

"Da an rasa duka."

"Yanzu me aka rasa?"

"'Yan matan da masu busa. Waliyyin yana nan lafiya."

"Waliyyin yana nan lafiya!" Darakta ya kama gashinsa da hannu biyu. "Ka ji shi kamar mai dawowa daga dubiya! Don me ka sa? Wani ne ya aiko ka? Ko giya ka karya da ita? Yi magana, tsoho!"

Amsar tana cikin aljihunsa, a gwangwanin taba. Ya fito da ita kawai, kowa zai gane. Zai ce ga shekara biyu, ga ragar waya, ga kyautar bara. Tullio zai ba shi haƙuri. Darakta zai rungume shi.

Neno ya dubi ƙasa.

"Na ga rana ta yi ƙarfi. Na ɗauka na fi Maestro sani."

Wani daga cikin masu jan waya ya yi fito a hankali. Duk suka juya ga kujerar zane. Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓen shugaban fitilunsa, shi ke sallamarsa, darakta ba shi da ta cewa. Maestro ya mayar da tabarau. Hannunsa na hagu yana kan gwiwa, a kife. Neno ya jira. Kalma biyu za ta isa: ni na sa shi. Ba mai tambayar Scandura dalili. Amma wanda ya ba da umurnin a sa gilashi, sannan ya faɗi lamba kamar babu shi, sai a tambayi kansa ko idonsa.

An ji ƙarar busa tana nisa a kan tudu.

"Oreste," in ji Maestro. "Daga gobe kai ke da fitilu."

Ya tashi ya tafi masauki.

Motar fasinja sau ɗaya take wucewa ta Pietrafonda, da ƙarfe tara na safe, kuma daga makon gobe za ta daina. Ranar Litinin Neno yana zaune a kan akwatinsa a bakin hanya, saman gari. Ba wanda ya rako shi. Daga nan ana ganin komai: rufin gidaje, coci, da ruwa, wanda ya shiga maƙabarta cikin dare. Saura mako uku na aiki, duk a cikin coci da cikin gidajen da aka bari. Duk aikin fitila ne.

Ya ji takun sanda. Maestro bai taɓa riƙe sanda a gaban ma'aikata ba. Wannan reshen zaitun ne da ya tsinta a hanya. Ya iso yana haki, ya tsaya a gefen Neno, yana fuskantar kwari.

"Kana nan?"

"Ina nan, Maestro."

Ya tashi ya ba shi akwatin. Maestro bai zauna ba.

"Jaki," in ji shi. "Wa ya ce ka gyara mini rana?"

"Wa ya ce ku gyara da kanku?"

"Kana tsammanin ban sani ba? Hannun nan bai makance ba. Duk sanda na zauna sai in ji zafin fitila ya ragu a bayansa. Wai kada ƙwai ya fashe. Shekara biyu ina jin ƙaryar nan."

"Da kun gaya mini."

"Da ka gaya mini."

A ƙasa janareta ya yi tari, ya kama.

"Na san a fili ba ka da raga," in ji Maestro. "Sai na ƙirga. Abin da ido ya ba ni, na ƙara biyu."

"Uku ne."

Maestro ya juyo da dukkan jikinsa.

"Biyu."

"Biyu ne har watan jiya. Yanzu uku. Jiya sha ɗaya ce, Maestro, ba takwas ba. Fim zai yafe. Amma uku ne."

Maestro ya dogara da reshen zaitun.

"To, sai in ƙara uku."

"A fili. A cikin ɗaki ya danganta. Wani lokaci uku, wani lokaci huɗu. In fitila tana fuskantarku, ya fi haka. Sai an auna kowane hoto."

"Oreste fa?"

"Abin da kuka ce masa shi zai yi. Daidai."

Neno ya zaro gwangwanin taba, ya buɗe, ya sa a tafin hannun Maestro. Maestro ya laluba abin da yatsa, ya gane shi. A da, da ya jefa shi cikin kwari. Ya cire tabarau, ya kawo ma'aunin dab da idonsa na dama, ya karkata shi ga rana, ya mayar ga na hagu. Neno ya ga idanun ta kusa, karo na farko a shekara guda. Kamar an ɗiga madara a cikinsu.

"Akwai allura a ciki?"

"Akwai."

"Ba na ganinta."

Ya rufe gwangwanin ya miƙa masa.

"Akwai likita a Bologna," in ji Neno. "An ce yana cire yanar ido."

"Ya ba ka tabarau mai kaurin gindin kwalba, ka riƙa ganin komai shuɗi. Na tambaya. Kuma sai Roma ta ji."

"Ranar Alhamis za a wanko aikin yau. Za ta ji."

"Alhamis da sauran kwana uku."

"Ku ce in dawo, Maestro. Ku ce musu kun yafe."

"Ka taɓa kyamara a gaban mutum talatin. In na mayar da kai, za su tambayi dalili."

"To, ku gaya musu dalilin."

Maestro ya mayar da tabarau. Ya gyara wuyan rigarsa.

"Gyaɗa ka ce kana sayarwa?"

"Gyaɗa."

"Na ɗauka masara ce."

Ya juya ya kama gangara. Da ya kusa gidajen farko, inda za a iya hango shi daga fili, ya jingina reshen da bango, ya miƙe ƙirji, ya ci gaba yana shafa duwatsu da yatsun hagu.

Mota ta makara. Neno ya koma kan akwati yana kallon tagogin coci. Ya san tsarin hoton yau, shi ya shirya shi: mace ɗaya durƙushe a gaban gurbin da waliyyi ya bari, fitila huɗu sun isa. Ya ga ta farko ta kama, taga ta yi ja. Ta biyu. Ta uku. Ta huɗu. Ya jira.

Ta biyar ta kama. Janareta ya sauya murya.

Ta shida. Ta bakwai. Tagogin suka yi fari duk da hasken rana, har hasken yana faɗawa a kan ruwan da ke maƙabarta. Yau ba wanda zai hau tsani ya saka raga.

Direba ya danna oda sau biyu.

"Baba, za ka hau ne, ko ruwan kake jira?"

Neno ya ɗauki akwatinsa. Yana kan matakalar mota ta takwas ta kama.